Gwanayen da Ke Ɗana wa Namun Daji Kyamara

A shekarar 2010 wata ɗaliba mai neman digirin digirgir a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Alexandra Swanson, ta fara ɗaura kyamarori a jikin bishiyoyi da turakun ƙarfe a gandun dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya. Tana aiki ne ƙarƙashin Farfesa Craig Packer, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin zakokin wannan daji. Tambayarta ita ce: ta yaya zaki da kura da rabbi da damisa suke zama a dawa ɗaya, alhali babba na kashe ƙarami duk inda ya ritsa shi? Da rana mutum na iya bin su a mota ya gani. Amma yawancin sha'anin waɗannan dabbobi cikin dare yake, kuma babu mai iya tsayuwa a wuri ɗari biyu a lokaci guda. Sai aka raba fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,125 gida-gida, kowane gida murabba'in kilomita biyar, aka ɗana kyamara ɗaya a kowanne. Jimla 225.

Wannan aiki, da aka sa wa suna Snapshot Serengeti, ya zama abin misali a duniya. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne yadda gwaninta iri uku suka haɗu: ta mai ɗana kyamara a dawa, ta mai duba hoto ya gane dabba, da ta mai koya wa kwamfuta yin hakan. In ɗaya ta gaza, sauran biyun sun tashi a banza.

Mu fara da na'urar, wadda ake kira kyamarar tarko. Ƙaramin akwati ne da za ka riƙe a tafin hannu, da batir da katin ajiyar hotuna a ciki. A goshinta akwai wani ido mai jin ɗumi. Motsi kaɗai ba ya tayar da ita, sai abin da ɗuminsa ya bambanta da na wurin ya gitta. Da zarar jikin dabba ya ratsa gabanta, sai ta farka ta ɗauka. Da dare wasu kan haska da farin haske, wasu kuma da wani haske da idon mutum ba ya gani, shi ya sa hotunansu na dare ke fitowa fari da baƙi. Dabarar ta daɗe. Tun a shekarun 1890 wani Ba'amurke, George Shiras, yake ja igiya a kan hanyar barewa a jihar Michigan, dabba ta taɓa igiyar, wuta ta walƙa, ta ɗauki kanta da kanta. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. Abin da zamani ya ƙara shi ne arha, da batir mai daɗewa, da katin da ke cin dubban hotuna.

Ɗana ta kuwa, nan ake sanin gwani. A Serengeti ana ɗaure kyamara kimanin rabin mita daga ƙasa, domin ta kama ƙaramar dabba irin su dila da zomo, ta kuma kama ƙirjin ɓauna. In ta yi sama da yawa, ƙanana su wuce ta ƙarƙashi; in ta yi ƙasa, ciyawa ta rufe mata ido. Gwani yakan kauce wa fuskantar da ita gabas ko yamma, don hasken fitowar rana da faɗuwarta na wanke hoto. Yakan sare ciyawar da ke gabanta, saboda ciyawar da rana ta gasa, in iska ta kaɗa ta, na'urar kan ɗauka dabba ce, ta yi ta ɗaukar hoton wofi har katin ya cika, batir ya mutu. Sannan akwai mazauna dawan da ba su yarda da baƙon abu ba. Kura takan zo ta shinshina, ta sa haƙori. Giwa takan tumɓuke turken gaba ɗaya. Gobarar daji da ruwan sama su ma suna cin rabonsu. Don haka ake sa kyamarorin cikin akwatunan ƙarfe, kuma duk bayan mako shida zuwa takwas sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, a sauya batir, a ɗauke kati, a sake sare ciyawa.

Akwai kuma wani haƙuri da ba kowa ke lura da shi ba. Mai son hoto mai kyau zai kai kyamararsa bakin tafki, inda ya tabbata dabbobi za su zo. Mai son ƙidaya ta gaskiya dole ya danne zuciyarsa, ya ajiye ta inda tsarin taswira ya ce, ko da wurin fako ne. In ba haka ba, lissafinsa zai nuna masa dabbobin da ke son ruwa ne kawai, ya zaci su ke nan a dajin.

Da hotuna suka fara dawowa, sai murna ta so ta koma ciki. Zuwa 2013 an tara rukunin hotuna miliyan 1.2, kuma kusan kashi uku cikin huɗu babu komai a ciki sai ciyawa da sararin sama. Amma ba yadda za a san wanne ne wofi sai an buɗe. Masu binciken ba su kai su duba wannan tari ba ko da za su daina barci. Sai suka nemi gudunmawar jama'a. A watan Disamba na 2012 suka zuba hotunan a dandalin Zooniverse na intanet, inda kowa, daga ko'ina, zai iya shiga ya ga hoto ya faɗi abin da ya gani: wace dabba ce, guda nawa, tsaye take ko kwance, tana ci ko tana tafiya, akwai 'ya'ya ko babu. Mutane sama da 28,000 suka yi rajista, suka ba da amsa har miliyan 10.8.

Wani zai ce, yaya za a amince da wanda bai taɓa taka Afirka ba ya bambanta barewar Thomson da barewar Grant? Hikimar ita ce ba a dogara da mutum ɗaya. Kowane hoto sai mutane da dama sun gani, ba wanda ya san amsar ɗan'uwansa, sannan a ɗauki abin da rinjaye ya tsaya a kai. In kansu ya rabu, an gane hoton mai wuya ne, sai a tura wa ƙwararre. Da aka gwada amsar jama'a da ta ƙwararru, sun dace a kashi 96.6 cikin ɗari. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ka dubi irin hoton da ake fama da shi. Dare ne, fitila ta haska, abin da ya cika hoton shi ne gefen cinya mai gashi da tsinin wutsiya, dabbar ta matso har ta kusa goga jikinta da gilashi. Ko kuwa rana tsaka, garken nyumbu, wato manyan dabbobin nan masu gemu da ƙaho da ke ƙaura a Serengeti, sun cika fili cikin ƙura, da jakunan dawa biyu a cakuɗe a can baya. Dabbar dawa ba ta tsayawa a ɗauke ta. Gane ta daga kunne ɗaya ko ƙofato ɗaya shi ne aikin.

Daga wannan tarin amsoshi Swanson ta sami abin da ta fita nema. An daɗe ana zaton rabbi yana guje wa yankin da zakoki suka yi yawa ɗungurungum. Kyamarorin suka nuna yana zama a wuraren da zakin ke so, inda akwai inuwa da abinci, sai dai yana kula da lokaci: in zaki ya bi ta wuri, rabbi ba ya bayyana a nan sai bayan kimanin awa goma sha biyu. Kura kuwa sau da yawa a bayan zaki ake ganinta. Ba mota ko tabarau mai hangen nesa da za su iya nuna wannan, sai ido ɗari biyu da ashirin da biyar da ke buɗe dare da rana, kowane hoto da kwanan wata da sa'a a jikinsa.

Gwaninta ta uku ta zo ne daga Jami'ar Wyoming. Mohammad Sadegh Norouzzadeh da Jeff Clune da abokan aikinsu suka ga cewa hotuna miliyan 3.2 da mutane suka riga suka sa wa suna tamkar darasi ne a shirye. Yadda ake koya wa kwamfuta shi ne a nuna mata hoto, ta yi hasashe, a gaya mata amsar gaskiya, ta ɗan gyara lissafin cikinta, a sake nuna mata wani, haka sau miliyoyi. Ba wanda ya rubuta mata cewa raƙumin dawa yana da dogon wuya. Ita ce ke tsamo alamomin daga yawan gani. Sun raba aikin biyu: da fari a ware hoton wofi daga mai dabba, sannan a faɗi wace ce cikin iri 48. A sakamakon da suka wallafa a 2018, na'urar ta dace a sama da kashi 93 cikin ɗari. Amma dabarar da ta fi armashi ita ce sun sa ta riƙa faɗin yadda ta tabbata da amsarta. Inda ta tabbata, a karɓa. Inda take shakka, a miƙa wa mutum. Ta haka ta iya ɗauke kashi 99.3 na aikin, da daidaito irin na jama'ar Zooniverse, abin da zai ci mutum sama da awa 17,000, wato fiye da shekara takwas na aikin ofis.

Sai dai gwanayen wannan fanni su ne farkon masu faɗin inda na'urar ke tuntuɓe. Kyamarar tarko ba ta motsi, don haka bishiya ɗaya da dutse ɗaya ke fitowa a dubban hotuna, kuma kwamfuta kan haddace wurin tare da dabbar. A 2018 Sara Beery da abokan aikinta suka nuna cewa in aka kai manhajar da aka horar a wani wuri zuwa sabon wuri, ƙoƙarinta yana faɗuwa sosai. Haka kuma ta fi iya dabbar da ta gani da yawa, alhali wadda ta yi ƙaranci, mai hotuna kaɗan, ita ce mai kare daji ya fi damuwa da ita. Wannan ya sa Beery da Dan Morris da wasu a kamfanin Microsoft suka fito da MegaDetector, wadda ba ta ƙoƙarin faɗin sunan dabba. Abu uku kawai take nunawa: ga dabba, ga mutum, ga mota. Da yake ta taƙaita burinta, tana aiki a dazuzzuka daban-daban, tana share wofi ta bar wa masani abin da ya cancanci idonsa. A ƙarshen 2019 kuma ƙungiyoyin kare namun daji da Google suka buɗe dandalin Wildlife Insights, inda masu bincike ke zuba hotunansu a tantance. Can ana ɓoye ainihin wurin da aka ga dabbar da ke cikin haɗari, don kada bayanin ya zama jagora ga masu farautar haram.

Inda dabba ke da zane a jiki, aikin yakan wuce sanin iri ya kai ga sanin kowace ɗaya, kamar yadda makiyayi ke sanin shanunsa ɗaya-ɗaya cikin garke. A shekarun 1990 masanin nan ɗan Indiya, Ullas Karanth, ya fara ƙirga damisar Indiya mai ratsi-ratsi a dajin Nagarahole ta wannan hanya. Babu biyu da zanensu ya zo ɗaya, kuma ɓarin dama ya bambanta da na hagu, shi ya sa ake ɗana kyamara biyu suna fuskantar juna a kan hanya. Daga yawan waɗanda aka sake gani da waɗanda aka gani sau ɗaya, lissafi zai ba da kimanin waɗanda ba a gani ba sam. A ƙidayar 2018 Indiya ta ɗana kyamarori a wurare 26,838, ta tara hotuna kusan miliyan 35, manhaja ta taimaka wajen tace su, aka kiyasta damisa 2,967. Da irin wannan adadi ne gwamnati ke sanin wane gandu ke farfaɗowa, wanne ke buƙatar ƙarin masu gadi.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana amfanin abin. A watan Yuli na 2020 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da hotunan da kyamarar tarko ta ɗauka a tsaunukan Mbe na jihar Kuros Riba: garken goggon biri na Kuros Riba, da jarirai a goye. Waɗannan birai ba su wuce kimanin 300 ba a duniya, a iyakar Najeriya da Kamaru, kuma tsananin gudun mutum ya sa da wuya a gan su. Hoton ya tabbatar wa al'ummomin da ke gadin tsaunin cewa wahalarsu ba ta faɗi ƙasa banza ba, biran suna haihuwa.

Zakin Afirka ta Yamma ma yana bakin gaɓa. Binciken da aka wallafa a 2014 ya kiyasta saura kimanin 400, mafi yawansu a dazuzzukan W da Arli da Pendjari da ke tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin, akwai kuma 'yan kaɗan a Yankari da Kainji na Najeriya. Kyamarar tarko za ta iya taimakawa wajen lura da su, amma manhajar da ta yi karatu a Serengeti ba lallai ta iya karanta dajin Yankari ba, don ƙasar daban, ciyawar daban, wasu dabbobin ma daban. Kafin ta iya, sai an sami masu ɗana kyamara da suka san gwadaben gwanki da mashayar ɓauna a wannan daji, da ɗalibai masu haƙurin zama su sa wa dubban hotuna suna daidai. Kyamara da manhaja ana iya sayowa ko a samu kyauta. Sanin dawa da haƙurin dubawa kuwa sai an rene su a gida, kuma jami'o'inmu da ma'aikatan gandun dajinmu su ne suka fi cancanta su ɗauki wannan aiki.