Tsokaci A Kan Hotunan Bayan Gilashi Na Ƙasar Senegal

Gabatarwa

A cikin wannan 'yar maƙala za mu duba wani irin zane da mutanen Senegal ke kira suwer, kalmar da suka aro daga Faransanci mai ma'anar "ƙarƙashin gilashi". Manufarmu ita ce mu auna zargin da wasu manazarta ke yi masa, cewa kwaikwayo ne kurum, ba fasaha ba.

Yadda ake yin sa

Mai zane yakan wanke gilashi tas, ya ja layukan fuska da alƙalami da tawada a bayansa. Sa'an nan ya sa ƙwayar ido da sarƙa da adon riga, ya bi da launin fata, daga ƙarshe ya rufe duka da fentin fili. Sai ya juya gilashin a kalla ta gaba. Watau abin da mai zanen takarda ke gamawa da shi, da shi wannan yake farawa. Dama takan koma hagu, har sunansa ma a juye zai rubuta. Layin da ya fara ja shi ne a gaban idon mai kallo, babu fentin da zai zo daga baya ya rufa masa asiri.

Asalinsa

Sana'ar ta shigo Senegal wajen ƙarshen ƙarni na 19, ta hannun alhazai da fatake masu kawo irinta daga Tunis. Daga baya Gwamna Janar William Ponty ya hana shigo da bugaggun hotunan addinin Musulunci, don tsoron kada su zuga talakawa. Hani ga buɗi: masu zane suka ɗora gilashi a kan waɗanda suka rage suna kwafewa. Daga nan aka shiga zanen shehunai kamar Alhaji Malik Si na Tijjaniyya da Shehu Amadu Bamba na Muridiyya, da kuma matan birni cikin ado, ana ɗauko su daga hotunan kyamara.

Zargin kwaikwayo

Mu ɗauki misalin Amadu Bamba (ya rasu 1927). Mafi yawan zanensa daga hoto guda aka ɗauko, na shekarar 1913: yana tsaye cikin farar riga, mayafi ya rufe bakinsa, idanunsa cikin inuwa. Masu zargi sun ce ai maimaici ne. To, amma a duba abin da masu zane irin su Gora Mbengue (1931–1988) suka yi da shi. Turawa sun kai Shehun gudun dole Gabon a 1895, kuma Muridai na ba da labarin cewa da aka hana shi salla a jirgi, sai ya shimfiɗa buzunsa a kan teku. Babu kyamarar da ta ɗauki wannan. Mai zane ne ya ɗauko siffar da kowa ya sani, ya dasa ta bisa ruwa, ya bar Turawan jirgi suna kallo. Siffar ba ta canja ba domin almajiri ya gane shehunsa da kallo ɗaya. Haka mai zayyanar allo yake: ba a auna shi da ƙirƙiro sabon fasali, sai da tsabtar hannu.

Inda aka gaza

Duk da haka, ba a rasa abin suka. Fuskokin mata sukan yi kama da juna, har sai sarƙa da ɗaurin kallabi ne ke bambanta su. Da masu yawon buɗe ido suka zama manyan masu saye, sai aka riƙa zuba hoto ɗaya sau barkatai cikin gaggawa, layin da shi ne ran aikin ya yi kauri ya mutu.

Kammalawa

A ganinmu kwaikwayo ba shi ne illar wannan fasaha ba. Illar tana ga raba hoton da gidansa. Gilashi na fashewa, fenti na ɓamɓarewa, tsofaffin kuwa da yawa ba sa hannun mai zane. In aka cire hoton wata baiwar Allah daga ɗakin jikokinta aka sayar wa dillalin kayan tarihi, sunanta ya tafi ke nan. Ya kamata masu nazari su riƙa rubuta sunan mai hoto da na mai zane tun da sauran masu tunawa.