Igiyar Rijiya da Ƙarfen da Take Ci

A ƙasashen Makarfi, Ikara da Kudan, inda noman rake da lambun rani ke sa ana haƙa rijiyoyi da yashe su kowace shekara, kayan aikin mahaƙa sun sauya: igiyar roba ta maye gurbin ta rama, ƙugiya da ƙarfe mai juyawa da masu walda ke haɗawa kuma suna karɓe aikin gungumen da ake gittawa a bakin rijiya. Sauyin ya rage wahala, amma ya zo da wani sakaci mai haɗari, domin mahaƙi yakan murza igiyarsa taku bayan taku kafin ya sauka, alhali ƙarfen da ransa ke rataye a kai ba ya samun ko kallo ɗaya.

Masu shiga kogunan ƙarƙashin duwatsu a Turai da Amurka sun daɗe da sanin matsalar igiya mai cin ƙarfe. Na'urar saukarsu, wato ƙarfen da ake zarga igiya a cikinsa don gogayya ta rage gudun mai sauka, ta samu siffarta ta yau a shekarun 1960, lokacin da Bruno Dressler ya tsara mai dunƙule biyu a Faransa, Fernand Petzl ya shiga ƙera ta, John Cole kuma ya fito da mai jerin sanduna a Amurka. Abin da suka gani shi ne igiya mai tsabta ba ta cin ƙarfe sosai, amma idan ta sha laka, ƙwayoyin yashin da suka maƙale mata, waɗanda suka fi yawancin ƙarfe tauri, sukan goge shi kamar zarto har su yi masa kwari. Alminiyom ya fi saurin cinyewa, ko da yake ya fi watsar da zafi, shi ya sa suke ƙera sandunan yadda za a cire wanda ya ci a sa sabo.

Igiyar mahaƙin rijiya a ƙasar Makarfi kuwa kullum cikin jar laka da marmara take, kuma kwarin da ta yi wa ƙarfe kan bar kaifi a gefe, kaifin ya juyo yana yankar ta. Bai dace a rataya mutum a kan ƙarfen da ake jan bokitin ƙasa da shi yini guda ba. Hakkin maigidan aiki ne ya ware ƙarfen sauka daban, a wanke igiya bayan aiki, a shafa yatsa a kwarin kowace safiya, wanda ya yi kaifi kuma a daina sauka da shi, kada a mayar wa mai walda ya cike gurbin.