Ingilishi a Makarantun Madarunfa: Maƙwabcin da Aka Mayar Baƙo

Gundumar Madarunfa, a jahar Maraɗi, ta yi iyaka da jahar Katsina ta Nijeriya. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ƴar tafiya ce, Gulbin Maraɗi ma ta can yake ɓullowa. Amma ɗalibin da ya shiga kwaleji a wannan yanki yakan tarar da Ingilishi tamkar harshen wata uwa duniya. Ana rubuta masa kalmomi a allo, kowace da ma'anarta cikin Faransanci, ya kwafe, ya haddace jerin aikatau masu sauya siga, ya amayar da su ranar jarrabawa. Bayan shekara huɗu ya kai BEPC da littafi cike da kalmomi, bakinsa kuwa a ɗaure.

Aibin wannan hanya a bayyane yake. Yaron da Faransancinsa bai zauna ba, an ɗora masa fahimtar baƙon harshe ta hanyar wani baƙon harshen. An kuma manta da dukiyar da ya zo da ita daga gida. Mota, direba, likita, tebur, bokiti, minti, sati: duk daga Ingilishi Hausa ta aro su. Malamin da ya fara da su ya nuna wa ɗalibi cewa ba daga ƙasa yake tashi ba. Daga nan sai ya nuna masa yadda Hausa ta sarrafa su: ta raba baƙaƙen da suka haɗu, ta rufe kalma da wasali, wani lokaci ta sauya ma'ana, kamar yadda sunan ranar Asabar ya koma sati, wato mako sukutum. Ga darasin furuci da na ma'ana a lokaci guda, ba tare da sayen ko da takarda ba.

Sai dai kalma ba ta zama a ka sai ta sami labarin da zai riƙe ta, kuma a nan ne adabi yake shigowa. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, ya wallafa Burning Grass a 1962, labarin Mai Sunsaye, Bafulatanin da ciwon yawo ya raba da iyalinsa. Ɗan Madarunfa ya san ruga, ya san ƙunar daji da rani. Abin da ya rage masa sunayensu ne kawai cikin Ingilishi. Zaynab Alkali, cikin The Stillborn na 1984, ta bi rayuwar Li, yarinyar ƙauye mai mafarkin birni, kuma ƴan mata da yawa za su ga kansu a cikinta. Mafi dacewa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito da Hausa a 1934, Mervyn Hiskett ya fassara shi a 1967. A ajiye shafin Hausa kusa da na Ingilishi, ɗalibi ya gano da kansa inda mai fassara ya dace da inda kalma ta gagare shi. Wanda ya yi wannan ya fara nazari ke nan, ya wuce hadda.

Malamai suna da hujja idan suka ce aji ya cika, littattafai sun yi ƙaranci, manhaja kuma tana da wa'adi. Gaskiya ne kuma cewa Ingilishin tasha da na kasuwa ba shi ne na takardar jarrabawa ba, kuma wajibi ne a rarrabe wa ɗalibi su. Amma shafi guda a mako, a kwafe shi a allo, a karanta da murya, a yi muhawara a kansa, bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Ƙungiyoyin al'adu kuma suna iya ɗaukar nauyin kwafi kaɗan, su mayar da babi guda wasan kwaikwayo a ƙarshen shekara.

Al'amarin ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Doka ta kusantar da harsunan biyu a takarda, saura cikin aji. Ɗalibin Madarunfa da zai nemi jami'a a Katsina ko Zariya, ko ya yi fatauci tsakanin Maraɗi da Kano, yana buƙatar Ingilishin da zai yi magana da shi. Hakkin malamai ne su buɗe masa ƙofar da ke kusa, wato harshen da ya sha a nono.