Masu yi wa Linux ɗinki daga nesa

Kanel ita ce zuciyar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991. Ita ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwa, ita ke magana da kowane ƙarfe da ke cikin na'ura. Modul kuwa ɗan guntun manhaja ne da ake cusa mata tana cikin aiki, ba sai an kashe kwamfuta ba, galibi don ta iya sarrafa wani sabon kayan aiki. Kamfanonin da ke ƙera rauta da kyamarorin tsaro sukan rubuta nasu na kansu, a wajen babban rumbun kanel, kuma masu wannan aiki sun cancanci jinjina.

Rubutun da harshen C ake yinsa, fayil ɗin Makefile ma bai fi 'yan layuka ba. Inda gizo ke saƙar shi ne kanel ba ta yi wa kowa alkawarin cewa hanyoyinta na ciki za su dawwama yadda suke ba. Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga manyan masu kula da ita, har takarda ya rubuta yana kare wannan matsayi. Shi ya sa kowane modul ke ɗauke da hatimi mai suna vermagic, wanda ke nuna sigar kanel da wasu saitunan da aka gina shi da su. Aka samu saɓani ko na lamba ɗaya ne, galibi sai insmod, umarnin da ke cusa modul, ya ƙi karɓa, ya ce tsarin bai dace ba. Sabon shiga sai ya yi ta maimaita umarnin. Gwani kuwa zai buɗe dmesg, ya karanta ƙorafin kanel, ya gwada da abin da modinfo ya nuna game da modul ɗin, nan take ya gano bakin zaren.

Gwanintar ta fi fitowa idan na'urar da ake yi wa aikin ba ta da ƙarfin harhaɗa komai da kanta. Sai mutum ya zauna gaban kwamfuta mai x86 ya gina abin da zai yi aiki a kan ARM ko MIPS. In na ARM ne, zai rubuta ARCH=arm64, ya ƙara CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu-, ya nemo ainihin tushen kanel ɗin da ke kan na'urar, da fayil ɗin .config nata, da Module.symvers. Tamkar tela ne da aka aiko wa awo daga wani gari, ya yanka ya ɗinka, riga ta zauna daidai ba tare da ya taɓa ganin mai ita ba.

Ga shi kuma kuskure a nan ba wasa ba ne. Manhaja ta gama-gari in ta faɗi, ita kaɗai ta faɗi. Modul yana iya durƙusar da na'urar baki ɗaya. Don haka za ka ga injiniya ya jona siririn kebul a jikin allo, yana bin saƙonnin printk na kanel layi-layi.

Akwai kuma batun lasisi. Modul ɗin da ba a buɗe tushensa ba, kanel takan yi wa kanta alamar cewa ta gurɓata, ta kuma hana shi taɓa ayyukan da aka keɓe wa masu bin lasisin GPL. NVIDIA ta daɗe a wannan hali kafin ta fitar da buɗaɗɗun modul ɗinta a 2022. Masu modul na wajen rumbun kanel kuwa, da zarar sabuwar kanel ta fito, sai su sake gini, ko su bar wa manhajar DKMS, wadda Dell ta ƙirƙiro, ta yi musu.