NVIDIA da Linux: an buɗe ƙofa, amma rabi

Idan ka soka katin hoto a ramin PCIe na kwamfuta, katin kan bayyana lambar kamfaninsa da tasa, sai babbar manhaja ta nemo direban da ya dace da lambar. Direba shi ne tafinta tsakanin manhaja da ƙarfe. In babu shi, katin kusan ado ne kawai.

Shekara da shekaru direban kamfanin NVIDIA a rufe yake, har a 2012 Linus Torvalds ya caccaki kamfanin a bainar jama'a a Finland. A Mayun 2022 kamfanin ya buɗe ɓangaren direban da ke aiki a cikin zuciyar Linux. Wannan ya cancanci yabo.

Sai dai fa buɗaɗɗen direban na katunan Turing ne zuwa sama, wato daga jerin GTX 16 da RTX 20. Mai GTX 1060, irin wanda ake samu a kwamfutocin hannu, bai tsira da komai ba. Direban Nouveau na 'yan sa-kai ba ya iya kai katin ga cikakken gudunsa, domin hakan na buƙatar manhajar cikin kati mai sa hannun kamfanin.

Kwatanta da AMD: direbanta amdgpu yana cikin Linux tun 2015, duk mai iyawa zai gyara shi. A wajen NVIDIA kuwa, ranar da aka daina sabunta rufaffen direba, lafiyayyen kati ya fara tsufa ke nan. To kafin ka biya kuɗi, bincika direba tukuna.