Ina Sunayen 'Yan Matan Asibiti?

Duk wanda ya karanta tarihin aikin mishan a ƙasar Hausa ya san sunan Likita Miller, wanda ya shiga birnin Zariya a 1905. Amma 'yan matan da suka koyi jinya a asibitin Wusasa, suka wanke gyambo, suka kwana a kan majinyata, wa ya san sunayensu? A kan ce "'yan matanmu", a wuce. Wannan babban aibi ne a rubutunmu.

Abin da ya tuna mini da haka shi ne littafin Darlene Clark Hine, Black Women in White, na 1989. Ta bi sawun baƙaƙen matan Amurka a zamanin wariyar launin fata, lokacin da yawancin makarantun jinya suka rufe masu ƙofa. Mary Mahoney ta sami takardar shaida a Boston a 1879, ita ce ta fari. A 1908 baƙaƙen nas suka kafa ƙungiyarsu, ba su rushe ta ba sai 1951, bayan ƙungiyar ƙasa ta fara karɓarsu. Ƙarfin littafin shi ne bai mai da su abin tausayi ba. Ya nuna su suna gini da hannunsu, ya kuma kira su da suna.

Iyakarsa ita ce bai ƙetare teku ba, alhali mu ma mun ɗanɗana. A Kano, asibitin Nasarawa na Turawa ne, na cikin birni na 'yan ƙasa. Kofoworola Pratt ta gama karatun jinya a London a 1950, ta koma Nijeriya aka hana ta muƙamin sista, don na Turawa ne. Sai a 1964 ta zama shugabar nas a asibitin jami'a na Ibadan. A ƙasashen Faransa kuwa, yarinya takan tafi har Dakar koyon ungozoma, ta fito da sunan "mataimakiya" kawai.

Ba aikin Hine ba ne ta rubuta namu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. 'Yan'uwa, daga Wusasa har Zangon Wagadugu akwai tsofaffin da suka yi wannan aiki, ko 'ya'yansu. Mu je mu zauna gabansu da alƙalami tun ƙasa ba ta rufe bakinsu ba.