Kati Ya Ce Laraba, Amma Ƙarfe Nawa?



Maganar ƙaramin asibitin nan da muke zuwa ta daɗe tana yawo a majalisu: a ƙofar masallaci bayan la'asar, a wajen masu canji, a gidan suna da gidan gaisuwa. Kowa da nasa ƙorafin, amma da an naɗe tabarma sai maganar ta bi iska. Shi ya sa muka ga gara a rubuta ta, ko ta kai kunnen waɗanda abin ya shafa. Ba za mu kama sunan asibitin ko na wani ma'aikaci ba. Duk ɗan unguwar nan ya san inda ake nufi, kuma ba cin mutuncin kowa ya fito da mu ba.

Mu fara da kati. Duk wanda ya ga likita, kafin ya fita akan rubuta masa ranar dawowa: Laraba ta sama, ko bayan sati biyu, ko bayan wata guda. Rana ake rubutawa, ba a rubuta lokaci. To tunda ba wanda ya san ƙarfe nawa za a kira shi, sai kowa ya yi sammako. Ana sallame asuba za ka ga dattawa da mata masu goyo sun nufi can, su jera katunansu a kan teburi, su zauna a benci. Mai ɗauko fayil ya zo wajen takwas. Likita kuma, in rana ta yi kyau, ya shigo goma da wani abu, ya tarar da mutanen da tun bakwai suke zaune. Wanda katinsa ke ƙasa sai bayan azahar. Wata rana kuma sai rana ta take sannan a leƙo a ce likita ba zai samu zuwa ba, a dawo Juma'a. Juma'a fa, ranar da mazan unguwa ke ta sauri su rufe shago su tafi masallaci.

Ga mai albashi wannan ɓacin rai ne kawai. Mu kuwa 'yan kasuwa ne da masu neman na yau. Mai kayan miya da ya kamata ya kama mota zuwa Shasha da sassafe, mai dako a Bodija, mai tura ruwa, mai shayi, dillalin da ciniki ke jiransa a kara can Akinyele, duk wanda ya kwashe yini a benci ya san abin da ya rasa, kuma iyalinsa za su gani a tukunya da daddare. Mutum ya yi haka sau ɗaya, sau biyu, na uku sai ya ce ai ga kemis nan kusa. Minti biyar an ƙulla masa ƙwayoyi a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ya biya ya koma bakin sana'arsa.

A nan ne abin ya wuce ɓata lokaci ya koma maganar rai. Yawancin waɗanda ake ba ranar dawowa masu ciwon da ba ya tafiya ne, hawan jini da ciwon suga. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya yawo da awon da ya haura 140 bisa 90 nesa ba kusa ba, yana cin tuwonsa, yana cinikinsa, bai ji komai ba. Maganinsa kullum ake sha, ko an ji sauƙi ko ba a ji ba, kuma dalilin dawowa shi ne a sake awo a ga ko maganin ya karɓe shi, a ƙara ko a canza. In ya gaji da benci ya daina zuwa, magani ya ƙare bai sabunta ba, sai wata safiya a ce ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye. Mu da ake kira duba marar lafiya, ake kuma kira sallar gawa, mun sha shiga ɗakin da aka ɗauko mana katin asibiti daga ƙarƙashin katifa, ranar dawowar da ke jiki ta wuce da watanni. Ajali na Allah ne, ba mai musun wannan. Amma neman magani ma umarni ne, kuma wanda ya sa neman ya yi wa talaka tsada yana da nasa kason na tambaya.

Mai ciwon suga nasa ya fi ban tausayi. An ce ya zo bai karya ba don gwajin jini, wanda ke buƙatar kamar awa 8 ba a ci komai ba. Ya kwana da yunwa, ya zo da yunwa, sai a haɗa shi layi ɗaya da kowa. Tsoho mai shekara saba'in yana zaune har sha ɗaya, jiki na rawa. Me zai hana a fara da su, a ɗebi jininsu da an buɗe ƙofa, su je su karya su dawo?

Sai harshe. An kafa Sabo tun 1916. Mu da aka haifa a nan Ibadan Yarbanci ba ya ba mu wahala, wasunmu ma sun fi iya zagi da shi. Amma unguwar nan kullum cikin karɓar baƙi take: amaryar da aka kawo daga Sakkwato ko Katsina, 'yan ci-rani, 'yan'uwanmu na Nijar, tsohuwar da ɗanta ya ɗauko daga gida don a yi mata magani. Waɗannan in sun shiga wajen likita, da hannu ake magana. Shekara fiye da ɗari muna maƙwabtaka, amma babu ko takarda ɗaya da Hausa a bangon asibitin, babu wanda aka ajiye don tafinta. Abin da ake yi shi ne a leƙo waje a ce wa ke jin Hausa, sai a jawo duk wanda ke kusa. Wani lokaci yaronta ne ɗan firamare. Ku duba fa, jama'a: mace ta zo da matsalar da ko mijinta da ƙyar ta faɗa wa, a ce ta bayyana ta ta bakin ɗan cikinta, ko ta bakin wani namiji da za su haɗu gobe a layin famfo, ga ƙofa a buɗe, na benci na ji. Ba za ta faɗa ba. Za ta ce kanta ke ciwo, a rubuta mata maganin maleriya da taifod, ta koma gida da abin da ya kawo ta.

(Wannan maleriya da taifod ɗin ma abin dubawa ne. Kusan duk wanda ya shiga da zazzaɓi da su yake fitowa, kamar tagwaye. Gwajin maleriya na tsinke bai wuce minti 20 ba, ya kamata a riƙa yi kafin a rubuta magani, a kuma gaya wa mutum abin da ya nuna.)

Kada a ɗauka alfarma muke roƙo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi wa marar lafiya bayanin ciwonsa da maganinsa cikin harshen da yake fahimta, tare da la'akari da ko ya yi karatu ko bai yi ba. Ta wajabta rufa masa asiri. Ta kuma hana a ƙi karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin marar lafiya, wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya jagoranci bikinta yana mataimakin shugaban ƙasa, a ciki har da haƙƙin mutum ya san kuɗin da zai biya dalla-dalla. To a nan kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin safar hannu, kowanne sai ka iso teburinsa kake jin farashinsa, wani da rasit wani babu. Allo ɗaya a bango ya isa ya kashe wannan rigimar.

Mun san ma'aikatan nan ba cikin daɗi suke ba. Likitoci da nas-nas suna ta barin ƙasa, abin da yaran yanzu ke kira japa, wanda ya rage shi ke ɗaukar aikin mutum uku. Wuta ba kullum ba, man janareto ya yi tsada. Likitan da muke jira sau da yawa daga wani wurin aikin yake zuwa. Duk mun yarda. Amma rubuta lokaci a kati ba ya cin fetur. In an san likita ba ya isowa kafin goma, a daina barin mutane suna zuwa bakwai. A raba yinin biyu: kaza su zo goma, kaza su zo bayan azahar. Kuma duk wanda ya yanki kati an karɓi lambar wayarsa an rubuta a fayil. Mece ce amfaninta in ba za a turo saƙo a ce yau likita ba ya nan ba?

Hujjar cewa za a iya tana cikin asibitin kansa. Ku dubi ɓangaren rigakafin yara. Ranarsu sananniya ce, ba ta motsi. Uwa ta san za ta kawo jariri a sati 6, da sati 10, da sati 14, sannan wata 9, an rubuta mata a kati, an kuma faɗa mata da baki. Matan da ke wurin sun koyi ɗan abin da ya sawwaƙa na Hausa, suna yi wa uwaye barka, suna tambayar mai jego ya ƙarfin jiki. Matanmu ba sa ƙorafi da su, kuma suna komawa. Gini ɗaya ne, albashi ɗaya ne, rashin wuta ɗaya ne. Allah ya saka musu da alheri.

Akwai kuma abin da ke hannun unguwa. Tsarin kiwon lafiya a matakin farko ya tanadi kwamitin ci gaban mazaɓa, inda mutanen gari ke zama da ma'aikatan asibiti su faɗi damuwarsu. Muna kira ga Mai Girma Sarki da 'yan majalisarsa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su binciki wa ke wakiltar Sabo a can, yaushe ya yi zama na ƙarshe, me ya kai. Muna da 'yan mata da suka gama sakandare, suna jin Hausa da Yarbanci da Turanci, suna zaune a gida. Biyu daga cikinsu, masu kamun kai da riƙon sirri, za su iya karɓa-karɓa a ranakun awon ciki da ranakun likita, a cire musu ɗan abin sabulu daga asusun masallatai ko na 'yan kasuwa. In asibitin ya amince, mu a namu masallacin a shirye muke mu ɗauki wata na farko.